Tsugune Ba Ta Ƙare Ba: Gargaɗi Ga Wanda Aka Sauke Wa Hawan Jinin Ido

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk wanda hawan jinin ido ya taso masa farat ɗaya aka garzaya da shi asibiti aka sauke, da wanda aka yi wa aikin ido saboda wannan cuta, da masu jinyarsu, musamman 'ya'ya da jikokin da ke rakiyar tsofaffi. Ranar da ciwon ya lafa, aman ya tsaya, mara lafiya ya samu barci, ba ita ce ranar da ido ya fita daga haɗari ba. A kwanaki da makonnin da ke biyo baya akwai abubuwan da kan faru can bayan ƙwayar ido, a tantanin da ke ɗaukar hoton duk abin da muke kallo, wanda likitoci ke kira ratina. Yawancinsu ba sa ciwo ko kaɗan. Wasu su warware da kansu, wasu kuwa in aka yi sake da su kwana biyu sai dai a yi haƙuri da idon, kuma mai ido ba shi da hanyar rarrabe wannan da wancan daga gida. Saboda haka duk wanda, bayan an sauke masa matsin idon, ya ga ganinsa ya ƙara dushewa, ko ɗige-ɗige baƙaƙe sun cika masa ido, ko walƙiya tana gilma masa, ko wani duhu ya taso daga gefe yana cin ganinsa, ya koma wurin likitan ido a ranar. Kada ya jira ranar da aka rubuta masa a kati.

Kada kuma wani ya ɗauki maganar nan ya juya ta. Ban ce a guji asibiti ba. Matsin da ya hau ya zauna yana kashe jijiyar gani cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, kuma jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa, ko a Masar aka kai mutum ko a Indiya. Sauke shi wajibi ne, kuma da gaggawa. Abin da nake cewa shi ne saukewar rabin aiki ce, kuma ragowar rabin ce aka fi watsarwa.

A gaban ƙwayar ido akwai wani ruwa garau da ido ke samarwa dare da rana, yana zagayawa yana ficewa ta wata siririyar magudana da ta kewaye baƙin ido. Ba hawaye ba ne, ba kuma jini ba ne, shi ya sa ƙwayar hawan jinin jiki ba ta maganinsa. A idon mai lafiya matsin wannan ruwa yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. In magudanar ta toshe lokaci guda, ruwan kuma bai fasa zuwa ba, cikin 'yan sa'o'i matsin na iya haura 50, ya kai 60, har 70.

Ga yadda abin kan zo. Dattijuwa ce da ta haura hamsin. An yi magariba, an ɗauke wuta, tana zaune a ɗaki mai duhu, sai ciwon kai ya sare ta ɓari guda, daga ido har ƙeya. Aka kunna fitila, ta ce tana ganin bakan gizo ya zagaye ta. Can sai amai. Yara suka ce ai maleriya ce, ko taifot, aka kira mai kemis ya ɗaura ruwa ya yi allura. Ba wanda ya ɗaga fatar idon ya duba. Da an duba, da an ga ya yi jajur, gabansa ya yi hazo, tsakiyar baƙin ta buɗe ta tsaya cak ba ta motsi ko an haska tocila, in kuma aka rufe idon aka ɗan danna da yatsa a ji shi da tauri fiye da ɗan'uwansa nesa ba kusa ba. Wanda ya lura da jan ma sai ya ce afolo ce. To afolo da kwantsa take zuwa da ƙaiƙayi, ta bi gida ɗaya bayan ɗaya. Ba ta sa amai, ba ta ɗauke gani. Duhu ne ke buɗe tsakiyar ido, a idon da magudanarsa da ma matsattsiya ce buɗewar sai ta toshe ta, shi ya sa abin ya fi tasowa da dare. Wasu magungunan mura, da na murɗar ciki irin su Buscopan, da wasu na damuwa da farfaɗiya, har da zaƙamin da samari ke wasa da shi, duk suna iya tayar da shi ga mai irin wannan ido.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, wanda Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar da sashensa na gilakoma, wato hawan jinin ido, a 2015, ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da cutar. Waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Mafi yawansu irin mai sanɗa ce, wadda ke cin gani shekara da shekaru ba ciwo. Amma muna da namu hanyoyin da matsi ke tashi kwatsam. Akwai yanar idon da aka bari wai sai ta nuna, har ta kumbura ta toshe magudana. Akwai bugu, na gwafa ko bulala ko ƙwallo, da ke tara jini a gaban ido. Akwai ciwon suga da aka yi watsi da shi. Sannan akwai aikin gargajiya, inda ake sa tsinin ƙarfe a tura yanar ta faɗa cikin ido. Binciken nan ya gano cewa cikin waɗanda wata matsala daban ta jawo musu gilakoma, wannan aiki shi ne kan gaba a sanadi. Duk waɗannan idanu ne da suka riga suka jigata kafin a iso asibiti, kuma su ne suka fi shan wahala bayan an sauke matsi.

A asibiti abin da ake yi sananne ne. A ɗiga magunguna irin su timolol, a ba da ƙwayar Diamox ko allurarta, in ya ƙi sauka a ɗaura ruwan manitol. Wani lokaci likita ya sa siririyar allura a gefen ido ya zuƙe ɗan ruwa. In hazon ya washe a huda 'yar ƙofa a baƙin ido da hasken leza, ko a cire yanar, ko a yi aikin buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Duk daidai ne. Sai dai kafin a ba ka ƙwayar farko akwai abin da ya wajaba ka faɗa ko ba a tambaye ka ba, kuma na farko shi ne sikila. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya yana ɗauke da ƙwayar halittarta. Diamox tana ƙara wa jini tsami, manitol yana janye ruwan jiki, kuma a cikin tsami da ƙarancin ruwa ne ƙwayoyin jinin mai sikila ke lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi, har da na ratina. Mai SS da mai SC ba a magana. Amma ko mai AS, wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba, in jini ya taru masa a gaban ido bayan bugu, lissafin likita ya canza, don idonsa ba ya jure matsin da na wani zai jure. Ka faɗa in kana da asma, don timolol na iya toshe maka numfashi duk da a ido aka ɗiga shi. Ka faɗa in kana da ciwon ƙoda ko na zuciya, ko in magani mai sulfa ya taɓa yi maka ƙuraje. Ka faɗa in kana shan asfirin kullum ko wani maganin tsinka jini; kada dai ka daina shi da kanka, likita ne zai auna.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ratina tantani ne da kaurinsa bai kai rabin milimita ba, cike da jijiyoyin jini da suka fi gashi siranta. Jinin da ke shiga ido da ƙarfin bugun zuciya yake shiga, matsin cikin ido kuma yana tura shi baya. Lokacin da matsin ya kai 60, jijiyoyin nan a matse suke, jini da ƙyar yake ratsawa, su kuma sai su saki jiki su buɗe iyakar buɗewarsu don ɗan abin da zai samu wucewa ya wuce. In sun kwana biyu ko uku a haka sun galabaita, sun rasa ƙarfin tsukewa. Sai kwatsam matsin ya faɗo daga 60 zuwa 10, ko ƙasa da haka. Wanda ya taɓa ban-ruwa a lambu ya san abin da ke faruwa in aka take tsohon tiyo da ƙafa inji yana aiki, sannan aka ɗage ƙafar lokaci guda: duk inda ya yi rauni nan zai tsattsage. Haka jini ke kwararowa cikin waɗannan jijiyoyi, ya ɓulla ta bangonsu, ya bar tabo-tabon jini warwatse a faɗin ratina. Akwai kuma wani abu na biyu da likitoci ke zargi: wurin da jijiyar gani ta ratsa bangon ido, wanda matsi ya tura baya, yakan dawo gaba da sauri ya shaƙe babbar jijiyar da ke fitar da jini daga ido na ɗan lokaci.

Wani likitan ido Ba'amurke, Robert Fechtner, da abokan aikinsa su ne suka fara bayyana wannan larura da sunanta a 1992, cikin waɗanda aka yi wa aikin gilakoma. Daga baya aka riƙa ganinta bayan leza, bayan zuƙe ruwa da allura, har ma bayan magani kaɗai ba tare da an taɓa ido da wuƙa ba. Ba larura ce mai yawa ba. Ta fi samun wanda matsinsa ya yi sama sosai, ya jima a sama, sannan ya faɗo da nisa cikin ƙanƙanin lokaci. Ku lura da na tsakiyar, wato jimawa. Wanda aka kai asibiti daren da abin ya fara ba ɗaya yake da wanda ya yi mako yana shan Panadol da jiƙe-jiƙe ba.

Labari mai daɗi, mafi yawan wannan jini jiki ne ke shanye shi da kansa, cikin makonni zuwa 'yan watanni, kuma mafi yawan masu shi ganinsu yana komawa yadda yake kafin zubar. Da yawa ma ba su san ya zuba ba sai da likita ya leƙa. Wanda zai sani shi ne wanda tabon ya sauka masa a tsakiyar ratina, wurin da ake kira makula, inda muke karatu da shi, mu zura zare a allura, mu gane fuska. Shi zai ce duk abin da ya kalla akwai wani baƙi ko ja a tsakiyarsa, gefe kuwa garau. Sai kuma wanda jinin ya ɓalle ya shiga ruwa mai yauƙi da ya cika cikin ƙwayar ido; wannan hayaƙi zai gani, ko duhu gaba ɗaya, kuma kaɗan daga cikinsu sai an yi aiki an wanke.

Wani zai ce, to tunda yana warkewa da kansa mene ne na tayar da hankalin jama'a? Dalili shi ne yana da ɗan'uwa mai kama da shi sak wanda ba ya warkewa da kansa. Toshewar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga ido ita ma tabon jini take bazawa a ratina, kuma masu gilakoma da hawan jini da suga su ne 'yan gidanta. Wani lokaci ma ita ce ta fara zuwa, hawan matsin biyo ta ya yi. Ratinar da jini bai ishe ta ba takan sa ido ya tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, su bazu har kan baƙin ido su toshe magudana, matsi ya sake tashi, wannan karon mai taurin kai da azabar ciwo. Abin yakan ɗauki wajen wata uku, har likitoci suna yi masa laƙabi da gilakomar kwana ɗari. Wata uku kuwa shi ne daidai lokacin da mutum ya manta da asibiti, katin ya ɓace, kwalaben sun ƙare. In an gano da wuri akwai abin yi: allura a cikin ido irin su Avastin, da ƙona gefen ratina da leza. In an makara, sau da yawa maganar ceto gani ta wuce, sai ta kashe ciwo. Rarrabe waɗannan biyu aikin likita ne da fitilarsa da na'urar hoton bayan ido, wani lokaci har da allurar rini a hannu don a ga yadda jini ke zagayawa.

A nan ne nake ganin muna da giɓi babba, kuma laifin ba na mutum ɗaya ba ne. A ranar da aka kawo mara lafiya gaban idonsa hazo ne, likita ko ya so ba zai hango bayan ido ba. Sai bayan kwana biyu ko mako hazon ke washewa. A lokacin kuwa mara lafiya ya ji sauƙi, kuɗin da aka haɗo sun ƙare, gona tana jira, motar kasuwar garinsu sau ɗaya take zuwa a mako. Ya tafi da ido wanda ba wanda ya taɓa ganin cikinsa. Don haka mai rakiya, kafin ku bar asibiti ka yi tambaya uku da ladabi, ba laifi ba ne: “Likita, nawa matsin yake da muka zo, nawa yake yanzu? An samu an duba bayan idon Baba? In ba a samu ba, yaushe za mu dawo a duba?” Ka rubuta lambobin a bayan kati. In an ce ku dawo bayan mako, kuɗin motar wannan dawowar yana cikin kuɗin magani. A ware shi tun kafin a sayi lemo da ayaba na 'yan dubiya.

Ga wanda aka yi wa aikin buɗe sabuwar hanya, akwai ƙarin abin lura, don matsi yana iya wuce gona da iri wajen sauka. In ruwan yana fita fiye da kima, matsi ya koma 5 ko ƙasa, ƙwayar ido ta yi laushi, bangonta ya saki, tantanin ciki ya yi tamoji-tamoji. Mai shi zai ga layin da yake miƙe ya karkace, rubutu yana rawa. Ya fi samun matasa da masu gilashin hangen nesa mai kauri, musamman in an yi amfani da maganin hana tabo mai ƙarfi lokacin aikin. In an gyara da wuri gani yakan dawo; in tamojin ya jima yakan zauna. Haka kuma ruwa kan taru a ƙarƙashin shimfiɗar jijiyoyin da ke bayan ratina ya tura ta ciki. Mafi muni shi ne in wata jijiya a wannan shimfiɗa ta fashe: ciwo mai tsanani zai sari ido nan take, gani ya ɗauke, sau da yawa daidai lokacin da mutum ya yi tari mai ƙarfi, ko nishi a bayan gida, ko ya sunkuya ya ɗaga abu mai nauyi. Tsofaffi da masu hawan jini da masu shan maganin tsinka jini su suka fi shiga wannan haɗari. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

Shi ya sa dokokin da ake ba ku bayan aiki ba ƙa'idar banza ba ce. Ba daka, ba surfe, ba jan guga, ba ɗaukar jarka, ba hura wuta, ba tuƙa babur a hanya mai gargada. A ci ganye da kayan lambu a sha ruwa don kada ciki ya ɗaure. In ya ɗaure a nemi magani, kada a yi ta nishi. In tari ya kama a gaya wa likita. Kada a murza ido, kuma a ɗaura murfin roba na kare ido in za a kwanta, don hannu ba ya neman izini cikin barci. Maganar sujada kuwa, na san a nan dattawanmu suka fi gardama. Hajiya za ta bar daka da murna, amma ka ce ta yi salla a zaune sai ta ce ita lafiyarta lau. Addini ya ba mara lafiya sauƙin yin salla a zaune da nuni, malamai kuma ba su ɓoye wannan ba. A tambayi likita kwana nawa, a kuma samu wanda take jin maganarsa ya gaya mata. Haka azumi: maganin da ake ɗigawa sau ɗaya ko sau biyu a yini ana iya daidaita shi da sahur da buɗa-baki, amma na bayan aiki, wanda ake sawa bayan kowaɗanne 'yan sa'o'i, ba a ɗage shi zuwa dare. A haɗa likita da malami a samu mafita. Kada dai a ajiye kwalba shiru a ce sai bayan salla. Danne kusurwar ido ta wajen hanci da yatsa na minti biyu bayan ɗigawa yana rage abin da ke gangarawa maƙogwaro.

Sai ɗayewar ratina daga bangon ido. Wannan alamunta a jere suke zuwa: walƙiya a gefen ido, musamman cikin duhu, sai baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawa su bayyana lokaci guda suna yawo, sai duhu ya taso daga sama ko ƙasa ko gefe, kullum yana ƙara matsowa tsakiya. Babu ciwo, babu ja. Muddin duhun bai kai tsakiya ba, aiki na iya ceto ganin karatu. In ya kai, ko an manne tantanin ba lalle ganin ya dawo yadda yake ba. Tazarar kwanaki ce, wani lokaci sa'o'i. Akwai wani tsohon maganin ɗigawa, a jikin kwalbarsa an rubuta Pilocarpine, mai tsuke tsakiyar ido. Yana da amfaninsa a hannun likita, amma yana iya jawo tsagewar ratina ga masu gilashin hangen nesa mai kauri, kuma in kumburarriyar yana ce ta jawo matsin yana iya ƙara dagula lamarin. Wanda aka rubuta wa shi na 'yan kwanaki kada ya mayar da shi abincin kullum yana kai tsohuwar kwalba kemis ana ba shi sabuwa. Wanda kuma aka yi wa aikin manne ratina aka sa masa iskar gas a ido, ba shi ba jirgin sama sai likita ya ce ta baje, ko da kujerar Umara ce ta samu, don iskar tana kumbura a sama ta mayar da matsin inda aka fito.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida, kuma ina roƙon a riƙa yin sa kowace safiya har wata uku. Ido biyu suna rufa wa juna asiri. Mai lafiyar yana cike gurbin mara lafiyar, har mutum ya yi kwanaki bai san ɗaya ya tafi ba. Don haka ka tsaya a wuri ɗaya kullum, da gilashinka in kana sawa, ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da ka danna ba. Ka kalli gefen ƙofa ko layukan kalanda: a miƙe suke ko sun lanƙwashe? Ka kalli fuskar wanda ke gabanka: hanci da baki suna nan, ko tsakiyar ta ɓace? Kana kallon hancinsa, ya ɗaga hannu sama da ƙasa da dama da hagu yana motsa yatsu: akwai ɓangaren da ba ka gani? Sannan ka sauya ido. Minti ɗaya ya isa. Tsohon da ba ya son a ce ya cika ƙorafi ba zai faɗa da kansa ba, zai ce da sauƙi ko da babu sauƙin, saboda haka jika ya mayar da abin wasan safe tsakaninsa da kakarsa. Abin da ake nema shi ne canji: yau ya fi jiya muni? In eh, a kama hanya.

Kuma a kama hanyar da ta dace. Kada a ɗiga ruwan nono, ko ruwan suga, ko zuma, ko ruwan ganye, ko a zizara kwalli a idon da ke da sabon rauni. Ƙwayar cuta in ta bi sabuwar hanyar nan ta shiga ciki, kwana ɗaya ko biyu sun ishe ta cinye ido. Ido da aka yi wa aiki in ya yi ja, yana ciwo, yana kwantsa, ko bayan shekara ne, na gaggawa ne. Kada a sayi maganin ɗigawa mai sitiroyid a kemis don yana washe ja. Shi kansa yana tayar da matsi ga mutane da yawa, wanda likita ya rubuta bayan aiki kuwa da ma'auni yake tafiya da ranar ragewa. Kada a ari kwalbar maƙwabci. Wuraren da ke da likitocin ido da kayan duba bayan ido sanannu ne: Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, Asibitin Ido na ECWA da Asibitin Makka a Kano, asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri, a Nijar kuma manyan asibitocin Yamai da Maraɗi da Damagaram. Ƙwararru a aikin ratina ba su da yawa, a manyan birane suke, don haka in likitanka ya rubuta maka takardar tura ka gaba, ba korarka ya yi ba. Ka tafi a ranar ko washegari.

Wata magana da ke yi mana ɓarna ita ce “an yi masa aiki ido ya mutu.” Tana yawo a majalisa da gidan biki, ta hana mutum goma zuwa asibiti. Sau da yawa idon da ake magana a kai ya riga ya yi mako da matsi 60 kafin a iso, jijiyar ta gama ƙonewa, aikin ciwo kawai ya kashe. Wani lokaci kuma jinin nan ne da na bayyana, wanda da an yi haƙuri an ci gaba da zuwa da ya washe, amma aka yi fushi aka koma wurin mai tsinin ƙarfe. Mara lafiya yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, tun kafin a fara, cewa gani na iya dushewa bayan saukar matsi da abin da zai yi in hakan ta faru. Ma'aikatan da ke sallamar mutum da kwalabe uku ba tare da wannan bayani ba su ma suna da hannu a jita-jitar da ke dawowa ta same su.

Ɗaya idon kuma, wanda bai yi ciwo ba, shi ma a layi yake. Ƙirarsu ɗaya. Cikin waɗanda magudanar ido ɗaya ta toshe musu farat ɗaya, kusan rabi ɗayan ma yakan toshe cikin shekara biyar in ba a yi komai ba. Hudar leza ta rigakafi ba ta wuce 'yan mintoci, a zaune ake yi, a tashi a tafi gida. In likita ya ce zai taɓa ido mai lafiya, wannan yake nufi, kada a ce masa a'a. 'Yan'uwa na jini da suka kai arba'in, iyaye da 'ya'ya da waɗanda ake ciki ɗaya, su ma su je a auna su.

Ranar komawa a haɗa kati, da duk kwalaben ɗigawa har waɗanda suka ƙare, da ƙwayoyin hawan jini da na suga, da takardar gwajin sikila in akwai. A tafi da ɗan rakiya, don in likita ya ga ya dace zai ɗiga maganin buɗe ido ya leƙa ciki, gani zai yi dishi-dishi na wasu sa'o'i, rana kuma za ta dami ido. Ba a tuƙi a haka. In an isa an tarar da layi, kada a zauna shiru a ƙarshensa. A je wurin nas a ce: an sauke masa matsin ido ranar kaza, yau ganinsa ya ragu.